Tokar da Ta Tsiro

Salamu alaikum 'yan guruf. Tun jiya nake kallon ku kuna ta shewa a kan saƙon da wani ya turo, wai "sana'ar da ba ta son jari: kwashi toka ka sayar wa manoma." Har wata ta sako hoton dariya, ta ce ai wannan ko ɗan yaye zai iya, shebur ne da buhu. To ni ce mai tokar. Ni ce wadda kuke gani a bayan keke-napep a hanyar kasuwa, fuska fari fat kamar an birkiɗa ni a garin rogo. 'Yan tasha Hajiya Toka suke ce mini, alhali ko ƙofar filin jirgi ban taɓa gani ba. Wayata cike take da caji, data ma na saka. Ku gyara zama.

A hannun Gwaggo Asabe na koya, yayar babana. Ita asalinta sabulu take yi, don haka kullum cikin tara toka take. Da takin zamani ya fara gagarar mutane, sai manoman fadama suka riƙa yi mata sallama suna neman ragowar. Ni lokacin na gama makaranta ina zaune ina jiran aiki, aikin kuma yana can yana jiran wani. Ranar farko ta kai ni bayan gidan wata mai tuwon sayarwa, ta nuna mini tsibin toka. Na ɗauko shebur ina ƙwambo. Ta ce, "Ajiye. Lasa."

Na ce, "Gwaggo, me zan lasa?"

"Tokar mana. Ko kin ga alewa a nan?"

Na dangwala na sa a harshe. Ta ce me na ji. Na ce na ji wulaƙanci. Ta ce ban da shi. Na sake lasa, na ce kamar akwai gishiri. Ta ce, "Yauwa. Matar nan a murhu take juye ragowar miya. Wannan ba ta zuwa gonar kowa. Mu tafi." Darasin farko ke nan, kuma ku riƙe shi don zai dawo: a sana'ar nan harshe ne alƙali. Ido yana ƙarya, mai toka yana ƙarya, harshe ba ya yi.

Ku a wurinku toka toka ce. A wurina kowace da halinta kamar mutane. Ta gidan burodi itace ne zalla, fara, ga nauyi ga ƙarfi, ita ake kai wa gonar tudu da ta gaji, inda gero yake fitowa kamar an yi masa dole. Amma sai kin san mai gidan burodin. In da tsohuwar taya ko leda yake tayar da wuta, tokar za ta yi duhu, ta riƙa wari, wannan ko kyauta aka ba ni ba na ɗauka. Ta masu tsire da masu bandar kifi kuwa, ga mai ga gishiri, in ka zuba wa shuka sai ta tsaya tana kallon ka. Mafi daraja ita ce tokar gida, ta kara da ƙirare, mai laushi kamar hoda. Ita ake cakuɗawa a gadon iri, ita ake barbaɗa wa ɗanyen ganye don ƙwari. Kuma a nan ne maza suke faɗuwa jarrabawa, don murhun yana cikin gida, gidan kuma ba shiga.

Ko ni ɗin ma ba kowace ke sakin jiki ba. Akwai wata Hajiya da na yi wa sallama na ce tokar murhunta nake so. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wa ya aiko ki? Wane malami ne ya ce a kawo masa?" Na ce Hajiya malamin nan sunansa albasa. Sai da na nuna mata hoton lambu a waya, ta kira maƙwabciyarta ta zama shaida, sannan ta bari na kwasa. Yanzu ita ke kirana in na yi jinkiri, don ta saba da ɗan omo da magin da nake bari a madadi.

Kayan aiki ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Rariyar waya don gawayi da ƙashi. Maganaɗisun da na ciro daga tsohuwar sifika, ina jan sa cikin toka yana tsince ƙusoshi, don manomi ba takalmi yake shiga lambu ba. Takunkumi, man kaɗanya don hannu, in ba haka ba tafinki ya tsage kamar fadama a bazara. Sai rabin ganga, wanda ya fi komai muhimmanci, a nan toka take kwana ta huce kafin ta ga buhu. Toka munafuka ce, sama sanyi, ciki wuta. Wasu samari biyu a unguwarmu sun taɓa cewa za su ƙwace mini kasuwa. Suka je gidan burodi da safe, suka ɗura a buhu, suka loda wa keke. Suna hawa gada mai keken ya ga hayaƙi, ya tsaya yana duba inji yana salati, ashe kujerar baya ce take ci. Har yau in ya hango su sai ya canza hanya.

Kwastoma kuma wani karatun ne. Akwai wanda ya ce shi mai dabara ne, ya haɗa tokata da takin yuriya a buhu ɗaya wai ƙarfi biyu. Da ya buɗe, warin ya buge shi kamar ya leƙa masai, ƙarfin takin duk ya bi iska. Ya kira ni yana faɗa wai tokata ta lalace. Na ce Alhaji su biyun nan ba sa zama ɗaki ɗaya, a raba musu kwana. Akwai kuma masu gonar da ƙasarta ke tofo farar kanwa in ruwa ya janye, kun san irin wuraren nan a fadamarmu. Su ko sun zo da kuka ba na sayar musu. Miyar da kanwa ta yi wa yawa, wa yake ƙara mata ruwan toka? Ko a ƙasa mai kyau ma, Gwaggo cewa take a barbaɗa kamar gishiri a miya, ba kamar ƙasa a kabari ba.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce ta babbar ambaliyar nan. Ruwa ya shiga ƙauyuka, ya shiga wasu unguwanni a gari, itace ya jiƙe, murhu ya zama kududdufi. Toka kuwa in ruwa ya bi ta kanta, ya tafi da amfaninta, saura sai suna. Ga masu lambu suna son haɗa gadon irin tattasai da zarar ruwa ya ja baya, kowa na kira, ni kuma ina yawo gida-gida ina neman busasshiyar toka kamar mai neman jini a asibiti.

Ana cikin haka Maryam ta kira ni. Ƙawata ce tun makaranta, tana aure a nan cikin gari. Ita 'yar gas ce, murhunta sai ranar suna ake hura shi, don haka ban taɓa sa ran toka a gidanta ba. Ta ce, "Zo, na tara miki abin arziki." Na je na tarar da bokiti cike, busasshiya ƙarau, laushi kamar an tankaɗe. Na lasa, ba gishiri. Na yi mata godiya har da rawa, na tace, na ɗura, na wuce.

Ba a jima ba ta sake kira, wannan karon da kuka. "Ki zo, na kashe kaina."

Ashe uwar mijinta, Iya Falmata, ruwa ya taso ta daga wani ƙauye a wajen Guri, ta zo ta zauna wurin ɗanta. Ta zo da wata 'yar tukunya, baki liƙe da taɓo, ta tura ƙarƙashin gado. Ranar da Iya ta fita gaisuwa, Maryam ta shiga yi mata shara, ta ɓalle bakin tukunyar, ta ga toka. Ta ce a ranta tsofaffi da tara tarkace. Ta juye a bokiti ta haɗa da tsohuwar tokar murhunta, ta wanke tukunyar fes har da soso, ta mayar. Ita a ganinta lada ta samu biyu, ta gyara wa suruka ɗaki, ta taimaki ƙawa.

Na tarar da Iya a tabarma, tukunyar a cinya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Ke ce 'yar tokar?"

"Ni ce, Iya."

"Ruwa ya ci ɗakina, ya ci rumbu, ya ci awaki. Da ruwa a ƙirji na fito, wannan ce kaɗai a kaina. Irin barkono ne a ciki. A toka muke ajiye shi don kada ƙwaro ya taɓa. Uwata ta ba ni, ita ma uwarta ta ba ta. Na ƙanwata ruwa ya tafi da shi. Abin da kogi ya kasa ci, ga shi tsintsiya ta cinye."

Maryam tana bakin ƙofa tana sharar hawaye. Tun ranar Iya ta daina cin abincinta. Ba zagi, ba faɗa. In an kawo kwano sai ta ce ta ƙoshi, ta aika a sayo mata shayi da burodi. Kuma ta ce da yaron nan ya dawo daga tafiya, haka take kiran ɗanta, zai mayar da ita kangonta ta zauna.

Na ce, "Iya, wane irin barkono ne? Meye sunansa, ko a samo a kasuwa?"

Ta yi wani ɗan murmushi. "Ba a kasuwa yake ba. Sunansa kuma ba mu muke faɗa ba. Wanda ya ci shi ne yake faɗa."

Na zauna na yi tunani. Irin barkono ƙanana ne, rariyata ba ta tare su. Tokar gida mai laushi kuwa a wancan makon mutum ɗaya na kai wa, don shi ya fi kowa damuna da kira: Baba Sale, mai lambun tattasai a hanyar Kirikasamma. Duk fadamar Sale Ba-Ruwana ake ce masa. Ka ce masa akuyarsa ta shiga gonarka, ba ruwana. Ka ce masa rigarsa ta kama wuta, sai ya duba ya tabbatar tukuna.

Na tari keke na same shi. Ya riga ya cakuɗa tokar a gado, ya watsa irin tattasai, ya ba da ruwa. Na gaishe shi na yi masa bayani tiryan-tiryan.

Ya ce, "Ba ruwana."

"Baba, irin tsohuwa ne, gadon uwarta."

"'Yar nan, toka na saya. In kin ga naki a ciki, ga shi nan, tsince." Ya nuna mini taɓo.

Ko da ya tsiro ma, ɗan tattasai da ɗan barkono a gado kamar Hassan da Husaini suke, ba mai raba su sai sun girma. Ba abin yi sai jira. Na koma na ce wa Iya, "Tokarki ta tsiro." Gaskiya lokacin ban sani ba ko ta tsiro, amma dai wani abu ya tsiro, kuma ai ban ce wanne ba. Da jin haka ta ɗage tafiya, ta fara karɓar kunun Maryam. Tuwo dai a'a.

Daga nan na zama 'yar leƙen asiri. Baba Sale bai taɓa ganin mai toka mai kirki irina ba. Ko bai kira ba sai na je, wai na kawo masa gyara, ko na zo duba ko ƙwari sun taɓa ganye. Aka yi dashe, shuka ta kama, ta yi fure. Ina bin layi ina barbaɗa toka, ido na ƙasa. Sai na fara ganin wasu a tsakiyar tattasai, ganyensu ƙanana, 'ya'yansu sirara sun ɗaga kai sama kamar masu rashin kunya. Na ɗauki hoto na kai wa Iya. Ta riƙe wayar nesa da ido, ta ce yanayinsa ne, amma hoto ba ya yaji. Sai ya nuna ja za a tabbatar, kuma sai jan ne yake yin iri.

Da farko Baba Sale cewa ya yi zai tuge su, sun cinye masa wuri. Na yi ta lallashi, har na ce in ya tuge to baɗi ya nemi toka wurin samarin nan masu ƙona keke. Ya bari. Sai wani dillali ya zo ganin tattasai, ya hango su sun fara ja, ya ɓalli ɗaya ya shinshina, ya ce duk abin da suka yi shi zai saya. Shi ke nan labari ya canza. Na koma, Baba Sale ya ce, "Wane barkono? Ni ba barkono a lambuna. Tattasai ne sanyi ya tsumbure shi." Ya san in ya yarda barkono ne, duk maƙwabtansa sun san bai taɓa shuka barkono ba, dole a tambayi mai shi. Kuma ya ce ƙarshen mako zai tsinke duka.

Na ce to, abin ya kai gaban alƙali.

Washegari da hantsi na ɗauko Iya da Maryam a keke. Na zaɓi lokacin da ake ba da ruwa, don na san maƙwabta duk suna wurin inji. Iya ta sauka, ta gaisa da kowa, ta shiga layi a hankali. Ta tsaya gaban ɗaya ta shafa ganyen, ta ce, "Sannu da hanya. Kai ma gudun ruwa ka yi?"

Baba Sale ya taso da fartanya a kafaɗa. "Iya, lafiya? Lambu ne fa, ba asibiti ba."

"Lafiya lau, Malam. Ɗana na zo gani, an ce a hannunka ya tashi. Allah ya saka da alheri, ka yi riƙo."

"Ba ruwana da wani ɗa. Tattasai ne."

Maƙwabta suka matso, wani ya rage ƙarar inji don kada a yi ba shi. Na ce, "Baba, kada a ja magana. Mu a sana'armu harshe ne alƙali. In tattasai ne, ai ko yaro yana cin sa ɗanye. Ci ɗaya. In ka cinye lafiya, mu kama hanya, ba za ka ƙara ganin ƙafarmu ba sai da buhu."

Wani daga baya ya ce, "Gaskiya ne, Sale. Tattasai ne ai, me zai yi maka?"

Ya duba hagu, ya duba dama, ba hanya. Ya sunkuya ya zaɓi mafi ƙanƙanta, wai shi wayo. Na ji Iya ta ce a hankali, "Wayyo, autan ya ɗauka." Ya jefa a baki ya tauna, yana kallon mu yana gyaɗa kai. Ya ce, "Kun gani? Tatta..." Sai maganar ta tsaya. Ido ya kawo ruwa. Hanci ya kawo nasa. Hula ta zame, bai tare ba. Ya buɗe baki, "Ba... ba..."

Kowa na jiran "ba ruwana."

"Ba ni ruwa! Jama'a ku ba ni ruwa!"

Bai jira kowa ba, ya yar da fartanya ya ruga bakin bututun inji ya kafa kai. Mutane suna faɗuwa don dariya, har mai keke ya kwanta a kan kunya. Iya kuwa ko dariya ba ta yi ba. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdulillahi. Shi ne. Ba-ni-ruwa sunansa. Haka uwata ta ce, duk inda ya je, baƙo ma zai kira shi da sunansa."

Ta kwance bakin mayafi ta bi layi tana zaɓar jajayen da suka fi ƙoshi, Maryam na biye da ita da ƙwarya. Ba ta kwashe duka ba. Ta ce wa Baba Sale, wanda yake zaune a taɓo yana fifita harshe da hula, "Sauran naka ne, ladan riƙo. Ka sayar, ka ajiye iri. Amma a toka, ka ji? Kuma ka gaya wa matan gidanka."

Da barkonon ya bushe, Iya ta ɓare shi ta fitar da iri. Na ce zan kawo mata toka mai kyau, tatacciya. Ta ce a'a, tokar murhun gidan da take zaune take so. Maryam 'yar gas ta ɗaura zani, ta hura kara, hayaƙi na cika mata ido, ta tuƙa tuwo. Iya ta jira toka ta huce, ta lasa, ta cakuɗa ta da irin, ta cika tukunya biyu, ta liƙe da taɓo. Ta tura ɗaya ƙarƙashin gadonta, ta miƙa wa Maryam ɗayar ta ce, "Wannan taki ce. In kin ga dama ki share." Sannan ta jawo kwanon tuwon ta wanke hannu.

Baba Sale har yanzu kwastomana ne, sai dai suna ya canza. Duk fadamar yanzu Sale Ba-Ni-Ruwa ake kiransa, in ka faɗa kuma sai ya ce ba ruwansa.

To mai hoton dariya, da kai mai cewa ba jari, gobe da safe ina bayan gidan burodin unguwarmu. Wanda yake so ya koya ya same ni a can. Kada ku wahalar da kanku da shebur, ina da shi. Ku dai zo da harshe.